Gidajen Gem a Gombe: Wasan da ke Cinye Lokacin Samari

Duk wanda ya ratsa Jekadafari, ko Bolari, ko Pantami a garin Gombe da hantsi, da wuya ya rasa jin ƙarar janareto daga wani ɗan shago mai labule. A ciki akwatunan talabijin ne da na'urar PlayStation, ga samari jere bisa benci, ko ƙifta ido ba su yi. Shi ake kira gidan gem.

Galibi ƙwallon ƙafa ake bugawa, kuma al'adar wurin ita ce wanda aka ci shi ke biya. To, nan gizo ke saƙar. Wanda aka ci ba ya tashi sai ya rama, wanda ya ci kuwa me zai tashe shi, tun da kyauta yake wasa? Haka azahar za ta wuce, la'asar ta bi ta, kuɗin aike ya salwanta.

Na kuɗin ma da sauƙi. Yaron da ke yin awa 3 kullum, a shekara ya ƙona awa 1,095, watau fiye da kwana 45 cur, dare da rana.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka. Alamominta su ne mutum ya kasa tsai da kansa, ya fifita wasan bisa sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba ko da yana ganin ɓarnar, har tsawon wata 12. Ƙasar Sin kuwa a 2021 ta ƙayyade wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 awa 3 a mako ta intanet.

Bulala dai ba ta warkar da wannan ciwo, sai ta kori yaro zuwa shagon wata unguwa, balle yanzu da wasan ya koma cikin wayar hannu. Abin da ya fi kama hankali shi ne a cike masa lokacin: a kai shi koyon ɗinki ko gyaran waya, da yamma Islamiyya, ko ya buga ƙwallon gaske a fili, da dare kuma waya ta kwana a hannun mahaifi. Idan abin ya kai ga rashin barci da barin makaranta, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe.