Iyayen San Lorenzo da gidan yaran Mariya Montesori

Ran 6 ga watan Janairu na shekarar 1907, wata likita ƴar ƙasar Italiya, Mariya Montesori, ta buɗe gidan yara a San Lorenzo, unguwar talakawa cikin birnin Roma. Yaran ƴan shekara 3 zuwa 6 ne, waɗanda iyayensu ke wuni wurin aiki, su kuwa suna gararamba suna ɓata bangon gidajen haya.

Ba ta jera su bisa benci kamar a lakol ba. Ta sa an ƙera musu kujeru da tebura daidai tsayinsu. Kowane yaro shi ke zaɓen aikinsa, ya daɗe a kai iya son ransa: wannan na shara, wancan na koyon sa maɓalli. Babu bulala, babu tukuici. Malama na gefe tana lura.

Uwaye ne suka fara shaida canji, domin yaran na komawa gida da tsabta da natsuwa. Da yawa daga cikin matan nan ba su iya karatu ba, sun kuwa san zafin wannan rashi. Sai suka roƙi likitar ta koya wa ƴaƴansu rubutu. Da fari ta yi jinkiri, tana ganin sun yi ƙanƙanta. Daga bisani ta yanka haruffa daga takarda mai kaushi, yaro na bin harafi da yatsa yana faɗin sautinsa. Kafin shekarar ta ƙare, ƴan shekara 4 da 5 na rubuta kalmomi da alli har bisa daɓe.