Ɗalibar da ta fara da ƙuli-ƙuli

A jarrabawar Turanci ta WAEC akwai takarda ta uku, wadda ake kira gwajin furuci. Tambayoyi 60 ne, amma zaɓen amsa kawai ake yi tsakanin A, B, C da D, har ɗalibi ya cinye su duka bai ce uffan ba. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya a matsayina na malamin sakandare, domin yaron nan gobe zai je jami'a, a ce ya tsaya gaban malamai ya kare kundin bincikensa, ko ya zauna gaban masu ɗaukar aiki.

Akwai wata ɗaliba da na koyar a aji biyu na babbar sakandare. Idan na yi mata tambaya sai ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabinta. Kowa ya ce kunya ce. Ni ban yarda ba, don na san a Islamiyya takan riƙe makirufo ranar walimar sauka, ta yi tilawa gaban iyaye ba tare da muryarta ta yi rawa ba. Abin da take tsoro shi ne ta yi kuskuren Turanci 'yan aji su kwashe da dariya.

Sai na ce ta bayyana mana da Hausa yadda mahaifiyarta ke yin ƙuli-ƙuli. Ta ɗago kai ta ce, "Malam, yanzu?" Na ce yanzu. Ta fara daga suyar gyaɗa, ta zo kan murza da fece ɓawo, da kai niƙa, da yadda ake zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juya tunkuza har mai ya fito. Da wani yaro ya ce ai ruwan sanyi ma zai yi, ta juyo ta ba shi amsa da hujja. Ba ta sani ba, ta riga ta yi gabatarwa, ta jero matakai, ta kare matsayinta.

Daga nan aikin ya koma kan takarda. Ta rubuta bayanin da Hausa, kowane mataki da sakin layinsa, sannan muka mayar da shi Turanci. Masu duba insha'in WAEC, wanda ake so ya kai kalmomi 450, abu huɗu suke ba maki: ƙunshiya, tsari, iya sarrafa harshe, da ƙa'idojin rubutu. Biyun farko ba su da alaƙa da wani harshe na musamman. Yaron da ya iya tsara tunaninsa da Hausa ya rage wa kansa hanya, shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga ana cin tarar ɗalibi don ya yi Hausa a harabar makaranta.

Ci gabanta bai zo a miƙe ba. Rubutunta ya riga bakinta gyaruwa, kuma har ƙarshen zango tana haɗa p da f, tana cewa "he" inda ya kamata ta ce "she". Na hana a gyara mata tana cikin magana. Sai ta gama mu zauna mu duba. A zango na uku ita ta nemi a sa ta cikin masu muhawara, kuma ta hau mumbari da 'yar takarda mai ɗauke da kanun hujjojinta kawai, ba jawabin hadda ba.