Yadda dilolin motoci za su ci gaba da ciniki idan 'yan kutse suka tsayar da manhaja

A ranar 19 ga Yunin 2024 kamfanin CDK Global na Amurka ya rufe na'urorinsa bayan 'yan kutsen intanet sun shige su. Kamfanin ba ya ƙera mota, ba ya kuma sayar da ita, amma shagunan dillancin motoci kusan 15,000 a Amurka da Kanada sun dogara da manhajarsa. A cikinta ake rubuta ciniki, a lissafa bashin da mai saye zai ci, a duba kayan gyaran da suka rage a sito, a tsara layin motocin da ke jiran makanike. Kamfanin ya fara maido da aiki ke nan aka sake kai masa hari, ya sake rufewa. Akasarin dilolin ba su dawo daidai ba sai farkon watan Yuli, wato bayan kimanin mako biyu.

An danganta harin da gungun BlackSuit, masu kulle bayanan kamfani su nemi kuɗin fansa. Kafar CNN ta ruwaito cewa an biya kusan Dala miliyan 25 da kuɗin intanet na Bitcoin, yayin da cibiyar Anderson Economic Group ta ƙiyasta asarar dilolin da fiye da Dala biliyan ɗaya.

Abin lura shi ne ba shagon dillalin aka fasa ba. Ko da ya tsare kwamfutocinsa iyakar tsarewa, ba shi da ikon hana abin da ya faru a wani kamfani da ke nesa da shi. Abin da ke hannunsa shi ne ya shirya yadda zai yi mako biyu yana ciniki ba tare da manhajar ba.

Shirin yana farawa ne daga ajiye kwafin bayanai a wajen manhajar. Dillalin da ke sauke jerin motocinsa da lambobin jikinsu, da farashi, da basussukan da yake bi, da lambobin abokan ciniki a kowace rana ko kowane mako, ya adana su a na'urar da ba ta haɗe da intanet, zai buɗe shago washegarin hari ya san abin da ya mallaka. Wanda bai yi haka ba kuwa sai ya tura yara fili su ƙirga motoci ɗaya bayan ɗaya. Kwafin da ba a taɓa gwada buɗe shi ba ma bai cancanci a dogara da shi ba, domin sau da yawa sai ranar buƙata ake gano cewa bai cika ba.

A lokacin harin, dilolin da dama sun koma ga biro da takarda. Wannan ya fi wuya fiye da yadda ake zato, domin matashin da ya koyi aiki a gaban kwamfuta ba lallai ya iya lissafa haraji da kuɗin ruwa da hannu ba. Saboda haka ana buƙatar fom-fom na ciniki da na gyara a buga su tun da wuri, masu lamba a jere, a kuma ware rana ɗaya a shekara a yi aiki da su kamar da gaske. Lambar da ke jikin fom ita ce za ta ceci akanta daga baya, lokacin da za a zauna shigar da cinikin mako biyu cikin manhaja, aikin da ya zo wa dilolin Amurka daidai da rufe lissafin ƙarshen wata.

Da zarar labarin hari ya zo, matakin farko shi ne a yanke duk wata hanyar da ta haɗa kwamfutocin shago da na kamfanin da aka kai wa hari, kada cutar ta biyo waya. Sai kuma a kiyayi masu cin moriyar ruɗani. CDK da kansa ya gargaɗi dilolin cewa wasu na buga waya da sunan ma'aikatansa suna neman a ba su hanyar shiga. Ya kamata kowane ma'aikaci ya san mutum ɗaya tak da ke da izinin magana da kamfanin manhaja, kuma duk wanda ya kira yana neman kalmar sirri a kashe wayar, a nemi kamfanin ta lambar da aka sani.

Akwai kuma batun takardun yarjejeniya, waɗanda 'yan kasuwa suka fi sa wa hannu ba tare da karantawa ba. Ya dace dillali ya san ko yarjejeniyarsa da kamfanin manhaja ta ba shi damar karɓar bayanansa duk lokacin da ya so, da kuma diyyar da zai samu idan aiki ya tsaya. Haka ma inshora: wata tana biya ne kawai idan kwamfutar mai shago aka kai wa hari, ba ta ɗaukar asarar da ta taso daga kamfanin da yake hulɗa da shi. Wannan bambanci yana cikin sharuɗɗan da aka rubuta da ƙananan haruffa, kuma kafin a sabunta inshorar ne ake iya neman a gyara shi.