Tsofaffin Kayan Wasan Gini A Kasuwar Intanet: Kuɗin Da Aka Sa Daban, Na Sallama Daban

A cikin shekarar 2007 kamfanin Lego na ƙasar Denmak ya fito da wani ƙasaitaccen saitin wasan gini mai lamba 10179, siffar jirgin nan Millennium Falcon na fim ɗin Star Wars. Gutsattsarinsa sun haura 5,000, kuɗinsa kuwa a kanti wajen dala 500. Da kamfanin ya daina yinsa, sai farashinsa ya dinga hawa a hannun masu sayar da na kwance har ya kai dubban daloli, mutane suka shiga ɓoye shi a ɗaka kamar yadda manomi ke ɓoye hatsi yana jiran damina. Ana nan, a cikin 2017, sai kamfanin ya sake fitowa da jirgin a sabon saiti mai lamba 75192, gutsattsari 7,541, a kan wajen dala 800. Sabon ya fi yawan gutsattsari, ya fi kyau. Farashin tsohon ya sauko, waɗanda suka saye shi da tsada gab da lokacin suka ji a jikinsu.

Ga wanda bai saba da su ba, waɗannan kaya ƙananan tubala ne na roba, ko kuwa sandunan ƙarfe masu huji, da yaro yake harhaɗawa ya gina gida ko mota ko gada, kusan yadda yaran ƙasar Hausa ke ƙera mota da kara ko langa-langa. Wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, shi ya kafa Lego a garin Billund a 1932, amma tubalin da aka sani yau, mai ƙulli a sama da bututu a ciki, sai a 1958 aka yi masa rajista. Meccano na ƙarfe ya girme shi, gama Frank Hornby ya yi rajistar dabararsa a Liverpool ta Ingila tun 1901. Yaran da suka yi wasa da su a da yanzu sun zama magidanta masu abin hannu, kuma su ne ke bin kasuwar intanet suna neman abin da suka taɓa mallaka, ko wanda suka yi ta kallo a kanti iyayensu ba su iya saya musu ba. Mai sayarwa ya san da wannan bege, kuma yakan sa shi a cikin kuɗin.

Duk wanda ya taɓa shiga kara a ranar kasuwa ya san cewa kuɗin da mai sa ya ambata ba shi ne kuɗin sa ba. Sai an taya, an yi albarka, an ƙara, sa'an nan a sallama. To, a intanet abin da ido ke fara gani shi ne kuɗin da mai kaya ya sa, kuma kayan da suka fi daɗewa a baje su ne waɗanda tsadarsu ta hana kowa ɗauka. Mutum ya ga saiti ɗaya a wuri biyar ana neman dala 300, sai ya ɗauka farashin ke nan, alhali kuwa duk biyar ɗin kwantai suka yi. Waɗanda aka sa wa kuɗi daidai tuni an saye su, sun ɓace daga gani.

Saboda haka masu sanin harkar kuɗin sallama suke nema. Dandalin eBay yana da wurin da ake latsawa a ga kayan da aka riga aka sayar kaɗai, da abin da aka biya. Dandalin BrickLink kuwa, wanda Dan Jezek ya kafa a shekarar 2000, kamfanin Lego ya saye shi a 2019, yana nuna cinikin da aka yi na kowane saiti cikin watanni shida da suka wuce: mafi ƙanƙanta, mafi girma da matsakaici, sabo daban, na kwance daban. A gefe kuma ga kuɗin da masu kaya ke nema a halin yanzu, yadda mai karatu zai ga tazarar da idonsa.

Amma fa ko wannan lissafi ba a haɗiye shi ba tauna. A ce an yi ciniki goma, takwas sun faɗa tsakanin dala 80 da 100, ɗaya ya tashi a 250, ɗaya kuma a 30. Mai 250 wataƙila mutum biyu ne suka yi ta ƙure juna a gwanjo har hankali ya gushe, mai 30 kuwa mai yiwuwa rabin kayan babu. A ajiye su biyun gefe, a dubi tsakiya. Idan kuma ciniki biyu tak aka yi cikin wata shida, to, babu farashin kasuwa tukuna, akwai dai labarin mutum biyu.

Kafin a kai ga wannan duka, sai an tabbatar da ko wane saiti ake magana a kai. Suna yakan ruɗi mutum, lamba ce ke fayyacewa. Jirgin sama jannatin nan Galaxy Explorer na 1979 lambarsa 928 a Turai, a Amurka kuwa 497, sa'an nan a 2022 an yi wani sabo don tunawa da shi mai lamba 10497. Taj Mahal na 2008 lambarsa 10189, an sake fito da shi a 2017 da lamba 10256, kusan babu abin da ya raba su sai kwali. Mai sayarwa da ya rubuta suna ya bar lamba, ko dai bai sani ba, ko kuwa ba ya so a sani.

Kalmar da ta fi kowace jawo rigima a wannan kasuwa ita ce "cikakke". Saitin gutsattsari 700 da ya rasa tubala goma na gama-gari bai rasa kome ba, da 'yan kuɗi kaɗan za a cike gurbinsu. Amma idan abin da ya ɓata ƙwaya ɗaya ce da ba a taɓa yin ta a wani saiti ba, tana iya cin kaso mai tsoka na kuɗin gaba ɗaya. 'Yan mutum-mutumin nan da Lego ya fara sakawa a 1978 su ne kan gaba a nan, har waɗansu 'yan kasuwa sukan cire su su sayar daban, su bar wa mai saye kango. Fadar nan ruwan ɗorawa mai lamba 375 ta 1978 ta zo da mayaƙa 14 da dawakan da ake ginawa da tubala. Wanda aka kawo masa ita da mayaƙa shida bai kamata ya biya kuɗin cikakkiya ba. BrickLink yana da jerin duk abin da ke cikin kowane saiti, da farashin kowace ƙwaya, don haka ana iya ƙirga abin da ya ɓata, a haɗa kuɗinsa da na aikowa, a cire daga tayi. Ɗan littafin da ke nuna yadda ake haɗawa, da kwalin asali, da takardun liƙawa, kowanne da nasa kuɗin.

Sai kuma lafiyar kayan. Farin tubali da ruwan toka da shuɗi sukan rine su yi fatsi-fatsi idan sun sha rana, kuma hoton da aka ɗauka a hasken fitila yana ɓoye wannan. Hular kwanon 'yan sama jannati na da takan tsage a haɓa, zanen zinariya da ke ƙirjinsu kuma yakan goge. A 2004 kamfanin ya canza launin ruwan toka da na ruwan ƙasa, saboda haka saitin 1985 da aka ga sabon ruwan toka mai ɗan shuɗi a jikinsa an yi masa ciko ne da kayan baya. Ga yaron da zai yi wasa wannan ba aibi ba ne, ga mai tarawa kuwa ragi ne. Mai saye yana da haƙƙin ya nemi a ɗauko masa hoto a hasken rana, a baje kayan a ƙasa, a nuna masa sama da ƙasan tubalin. Mai kayan da ya ƙi wannan yana neman a yi cinikin biri a sama ne.

Jabu ma ya cika kasuwa. Tubalin Lego na ainihi yana ɗauke da sunan kamfanin a kan kowane ƙulli. Wani kamfanin ƙasar Sin mai suna Lepin ya shahara da kwaikwayon saitoci har da kwalayensu, kafin 'yan sanda su dira a kansa a 2019, kotu a Shanghai kuma ta ɗaure jagoransa shekara shida a 2020. Kayan da ya riga ya sayar suna nan suna yawo a hannun jama'a, wani lokaci a gauraye da na gaske cikin buhu ɗaya. Tsohon saiti "sabo fil, ba a ɓare ba" a kan rabin kuɗin da kowa ke biya abin tsoro ne, gama ana iya buɗe kwali a sake manne shi. Haka nan mai kayan da ya ce a bar dandalin a tura masa kuɗi kai tsaye don a sami rangwame: duk wanda ya yarda ya zubar da damar neman a mayar masa da kuɗinsa.

Meccano nasa lissafin ya ɗan bambanta. Launi ne ke nuna zamaninsa: ja da kore sun shigo a 1926, shuɗi da ruwan zinariya a 1934, rawaya da baƙi a 1964, masana'antar Binns Road da ke Liverpool kuwa an rufe ta a 1979. An yi shi da yawa ainun, don haka tsufa kaɗai ba ya sa shi tsada; gwangwani cike da sanduna masu tsatsa ba ya da wani kuɗi. Abin da ake rububi shi ne manyan saitoci, musamman mai lamba 10 a akwatinsa na katako, da fentinsa na asali. Wanda aka sake wa fenti yana sheƙi a hoto, amma darajarsa ta ragu a wurin masu tarawa.

Akwai masu shiga wannan ciniki don neman riba, kuma suna kafa hujja da binciken da Victoria Dobrynskaya ta wata jami'ar tattalin arziki a Mosko ta jagoranta, wanda ya duba saitoci 2,322 daga 1987 zuwa 2015, ya gano matsakaiciyar ribar wajen kashi 11 cikin 100 a shekara. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, saitocin da ba a taɓa buɗewa ba aka duba, kuma a cikinsu ma akwai waɗanda suka faɗi warwas. Uban da ke saya wa ƙaramin yaro kuma yana da wani abin dubawa: wani bincike na Jami'ar Plymouth a 2018 ya sami sinadarin kadmiyam a waɗansu jajaye da rawayen tubala na shekarun 1970, waɗanda bai dace a bar wa yaro mai kai abu baki ba.

Ga mai saye daga Nijeriya, farashin da ya gani a kan allo somin taɓi ne. Yawancin waɗannan kaya suna Turai da Amurka ne, sai an ɗora kuɗin aikowa, da na kwastan, da canjin dala ko fam a ranar biya, wanda ya ƙara nauyi tun da aka saki Naira a kasuwar canji a watan Yunin 2023. Meccano ƙarfe ne, nauyinsa kaɗai yana iya sa dakonsa ya fi kuɗinsa. Babban kwalin Lego kuwa rabinsa iska ce, amma kamfanonin dako da girman kwali suke caji, shi ya sa waɗansu ke roƙon mai kaya ya warware ginin, ya zuba gutsattsarin a leda, ya ninke kwalin a shimfiɗe kafin ya aiko.