Hasken da ke tona asirin hayaƙin masana'antu

Mazauna kusa da masana'antar siminti kan auna haɗari da ido: in baƙin hayaƙi ya turnuƙe, hankali ya tashi, in sama ta yi garau, ya kwanta. Sai dai iskar gas masu illa kamar kabon monoksaid da salfa dayoksaid ba su da launi.

Na'urar da ke gano su tana aiki ne da hasken infrared, wanda ido ba ya gani amma fata na jin ɗuminsa. Tun a 1859 masanin kimiyya John Tyndall ya nuna cewa wasu nau'o'in gas na shanye wannan haske, kuma kowanne da ɓangaren da yake sha.

Ana kafa fitila a gefe guda na bututun hayaƙin, na'urar karɓa a ɗaya gefen. Hasken ya ratsa hayaƙin, gwargwadon abin da ya ragu shi ne yawan gas ɗin. Kwamfuta na rubuta sakamakon dare da rana.

In kabon monoksaid ya haura, makamashin bai ƙone sosai ba ke nan: ga asarar kuɗi, ga guba.

Amma ƙura da tururi na iya ruɗa na'urar, don haka dole a riƙa goge gilashinta ana gwada ta da gas ɗin da aka san adadinsa. In aka yi sakaci, allo zai nuna lafiya lau alhali maƙwabta na shaƙar cuta.