Shigo da tsofaffin motoci Najeriya

Shigo da tsofaffin motoci Najeriya shi ne sayo motar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje, a ɗoro ta a jirgin ruwa, a biya mata kuɗin fito kafin ta hau hanya. A kudu ana kiran irin wannan mota tokunbo, kalmar Yarbanci mai nufin abin da ya zo daga ƙetaren teku. A arewa an fi cewa Beljiyam, saboda a da da yawansu daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam ake lodinsu. Ita ma kalmar fito asalinta tsallakar da mutum ko kaya kogi ne a kwalekwale, daga baya ta koma sunan harajin kwastan.

Dokar shekaru

Abin da mai son tsohuwar mota ta tarihi zai fara sani shi ne Najeriya tana da iyakar shekaru. Jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta ya ƙunshi motar da ta wuce shekara 12 da ƙerawa, a baya kuwa iyakar shekara 15 ce. Wannan akasin tsarin Amurka ne, inda motar da ta kai shekara 25 take samun sassauci wajen shiga ƙasar. Saboda haka Marsandi ko Peugeot ta shekarun 1970, duk kyanta, ba ta cikin motocin da ake fitarwa ta hanyar da aka saba, kuma kwastan na iya kama ta. Haka mota mai sitiyari a dama, irin ta Ingila da Japan, ba a yarda da ita ba, domin tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi.

Wannan ne ya sa tsofaffin Peugeot 504 da a-kori-kura da har yanzu suke ɗaukar masara, waken soya da auduga zuwa kasuwannin Funtua, Bakori, Dandume da Malumfashi galibi ba sababbin shigowa ba ne. Da yawa a Kaduna aka harhaɗa su, a kamfanin Peugeot da ya fara aiki a 1975. Mai neman irinsu a gareji ya kamata ya duba, ba a tashar ruwa ba.

Hanyar jigila

Hanya biyu ake ɗauko mota. Ko a tuƙa ta cikin jirgin da aka ƙera don motoci, wanda ya fi araha, ko a sa ta a kwantena, wadda ta fi tsada amma ta fi kare mota daga ƙwarzanewa da satar kayan jiki. Yawancinsu a tashar Tin Can ta Legas suke sauka.

Shekaru da dama 'yan kasuwar Katsina sun fi bi ta Kwatano, mota ta ratsa Nijar zuwa Maraɗi, ta shigo ta Jibiya. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017. Tun daga nan motar da za ta Funtua bisa ƙa'ida sai ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Legas. An ƙaddamar da tashar tsandauri ta Funtua a 2024, bayan ta Kaduna a 2018 da ta Dala a Kano a 2023, da nufin a riƙa sallamar kwantena kusa da gida.

Kuɗin fito

Kwastan ba ta lissafi da kuɗin mota kaɗai. Ana haɗa farashinta da inshora da kuɗin jirgi, a kan jimillar ake ɗora haraji. A tsarin motoci na 2013 an sa fito kashi 35 cikin ɗari da ƙarin haraji kashi 35 a kan ƙananan motoci. A Afrilun 2022 fito ya koma kashi 20, da harajin kashi 15 a kan motocin da aka yi amfani da su. A lokacin akwai kuma kashi 7 na kuɗin fiton kansa, da kashi 0.5 na ECOWAS, da harajin VAT na kashi 7.5 wanda ake ɗorawa a kan duka.

A misali, motar da jimillarta ta kama dala 10,000 a wancan lissafin: fito dala 2,000, ƙarin haraji 1,500, ƙananan biyun 190, VAT kuma ya ɗan haura 1,000. Wato kusan dala 4,700, kafin a zo ga ladan ejan, kuɗin tasha da na tirela. Idan takardu suka makara, kuɗin ajiya yana hawa kullum.

Tun 2022 kwastan tana ƙiyasta darajar mota ta lambar jikinta da ake kira VIN, don haka rasiɗin mai sayarwa ba ya yanke hukunci. Abin da ya fi jijjiga masu saye shi ne canji. Kwastan tana juya dala zuwa naira da farashin da Babban Banki ya ba ta, wanda yake wajen naira 422 kafin Yunin 2023, ya kuma haura 1,000 a farkon 2024. Manomin da ya sayar da masararsa ya yi odar mota, yana iya tarar da fiton ya ƙaru tun jirgi yana kan ruwa.