Inda Kurakuran Manhaja Suke Ɓuya

Kuskuren da ya tsallake gwaji ya isa hannun jama'a shi ne mafi tsadar gyara. To, yaya za a gane maɓoyarsa tun kafin a fitar da manhaja? A shekarar 2005, Nachiappan Nagappan da Thomas Ball suka bi diddigin yadda aka rubuta Windows Server 2003, suka auna layukan da aka ƙara, aka goge ko aka sauya a kowane sashe, gwargwadon girmansa. Wannan awo ya tantance sassa masu yawan kuskure daidai, har kashi 89 cikin ɗari. Binciken 2008 a kan Windows Vista ya fi ban mamaki: tsarin ma'aikata, kamar yawan injiniyoyin da suka taɓa sashe da waɗanda suka bar aiki, ya fi sarƙaƙiyar rubutun kanta nuna inda matsala za ta ɓullo.